Kafin ka kai zomo gida

Ɗan maƙwabcina ya dawo daga kasuwa da zomaye biyu, mace da namiji, ya riƙo su ta kunne suna ta harbin iska. Ya riga ya tanadi tsohon kwali da kabeji. Na ce, "Kai yaro, sauke su, tallabo su ta ƙirji da ɗuwawu." Ya dube ni sheƙeƙe, wai ya gani a TikTok cewa kiwon zomo ba ya da wahala.

Ban tsananta masa ba, don duk abin da yake shirin yi na riga shi. Ni ma a akurki guda na haɗa namiji da mace. Cikin zomanya kwana 31 ne ko kusa da haka, tana haifar huɗu zuwa goma, kuma a ranar da ta haihu namiji na iya barbararta ta sake ɗaukar ciki. Uwa tana shayarwa tana ɗauke da wani cikin, ta rame, nono ya ƙafe, 'ya'yan suka riƙa mutuwa. Da na ga ba ta zama a kansu sai na ɗauka ta ƙi su, na kwashe su ina ɗura musu madarar gwangwani. Ashe haka halittarta take: sau ɗaya ko biyu take shayarwa a yini, na 'yan mintuna, galibi da dare. Jaririn da cikinsa ya yi tumbur, fatarsa ba ta yamutse ba, ya ƙoshi. Ni na kashe waɗannan da hannuna, da sunan tausayi.

To, wa zai gaya mini a lokacin? Mai sayarwa kuɗinsa kawai ya sani, likitan dabbobi kuma shanu da tumaki ne a gabansa. Sai dai ban tambaya ba ma, gaskiyar ke nan.

Abinci ma haka. Kabeji, dusa, sauran tuwo. Haƙoran zomo ba sa daina tsiro har ya mutu, taunar busasshiyar ciyawa ce ke goge su, ita ce kuma ke sa hanjinsa motsi. In babu ita, haƙori ya yi tsawo ya soki baki, yawu ya riƙa zuba, ciki ya kumbura. Zomo ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga. Da ɗaya ya fara zawo na fasa masa kafson amoxicillin a ruwa, tunda na ga ana yi wa kaji. Wannan magani ta baki yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da abinci a cikin zomo, ƙarshenta shi ma ya bi su. Har yau ina cewa niyyata mai kyau ce, amma niyya ba ta tayar da shi ba.

Mafi muni, da suka fi ƙarfina na kai ragowar bayan gari na sake su, ina ganin na 'yanta su. Zomon gida asalinsa daga Sifen da Fotugal ne, ba jinsi ɗaya yake da zomon dajinmu ba. Bai san inda ruwa yake ba, farin gashinsa kuma na kiran shaho da karnuka. A Amurka irin wannan zubarwa takan yi yawa bayan bikin Ista, lokacin da iyaye ke saya wa yara zomo sannan a gaji da shi. Ƙungiyar House Rabbit Society, wadda aka kafa a Kalifoniya a 1988, aikinta karɓar irin waɗannan da sama musu gida. A unguwanninmu mai ceton zomo shi ne duk wanda ya ce "kawo shi nan" kafin a jefar.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, ƙannena, amma na san ku, ba ku karanta abin da ya wuce allon waya.

Kada ka saya. Zomon da aka kula da shi yana kai shekara 8 zuwa 12, kai kuwa sha'awarka ba ta kai wata uku. In ka dage, karɓi wanda wani ya gaji da shi, ka ware shi akalla mako biyu nesa da sauran. Duba kunne: ɓawon ƙazuwa a ciki aikin ƙananan ƙwari ne, likita na maganinsa da ivermectin, kada ka ɓanɓare da farce. Akwai kuma cutar zubar jini ta zomaye da ta ɓulla a Nijeriya a 2020, wadda ke kashewa ba zato, wani lokaci da jini a hanci. Gawar irin wannan a binne ta da zurfi, a wanke keji da bilic, a sanar da likita.

Na ce kada ka saya, amma kuma kada ka ajiye ɗaya tal, kaɗaici na cinsa. Mata biyu 'yan ciki ɗaya sun fi zama lafiya. Maza biyu in sun balaga, wajen wata huɗu zuwa shida, sai cizo. Namiji kejinsa daban. In barbara kake so, macen ake kai masa, a dawo da ita da zarar an gama.

Keji ya tashi daga ƙasa saboda ɓera da kwarkwasa, a sa katako a gefe guda don waya kada ta ci masa tafin ƙafa. Ciyawa busasshiya da harawar gyaɗa kada su yanke, ganyen dankalin Hausa da na zogale kaɗan kaɗan, sabon ganye a fara da ɗan guntu. Karas lasa ce kawai. Ruwa kullum, ƙarya ce wai zomo ba ya sha. A zafin Afrilu, ma'aunin zafi na wuce digiri 30 zomo ya fara galabaita, tunda ba ya gumi, ta kunne yake fitar da zafi: inuwa, iska, jiƙaƙƙen buhu a saman keji, gorar ƙanƙara a gefensa. Wanka kuwa kada ka kuskura.

Zomon da ya yi awa 12 bai ci ba, bai yi kashi ba, yana bakin mutuwa. Ajiye wayar nan, ba hoto za ka ɗauka ka tambayi 'yan Facebook ba, ɗauke shi ka nufi asibitin dabbobi.