Na kai hulata ta Yankees har cikin Fenway

Duk wanda ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ko ya so ko bai so ba sai ya san ƙungiyar besbol ta Yankees, filinsu na nan a titi na 161, jirgin ƙasa mai lamba 4 ta gefensa yake wucewa. To ni dai besbol ya shiga raina sosai, har na ce wallahi sai na je Boston na ga ƙungiyata tana wasa a gidan manyan abokan hamayyarta, wato Red Sox.

Bas muka hau daga Manhattan ni da wani abokina ɗan zangon Kumasi, tafiyar awa huɗu da wani abu saboda cunkoso. Muna sauka South Station muka samu gefe muka yi sallah, sannan muka bi jirgin ƙasa zuwa Kenmore, daga nan ba ka buƙatar tambaya, bin masu jajayen riguna kawai za ka yi.

Gaskiya Fenway, filin Red Sox, ya ba ni mamaki. Tun 1912 aka buɗe shi, babu filin da ya girme shi a babbar gasar Amurka, kuma a matse yake tsakanin tituna kamar shago a tsakiyar kasuwa. Wannan matsin ne ya sa ɓangaren hagu ya zama gajere, shi ne aka yi wata koriyar katanga mai tsayin ƙafa 37 da suke ce wa Green Monster, kuma ita ce ke juya wasan gaba ɗaya, ƙwallon da a wani filin ɗan tsaron baya zai cafke a nan sai ta daki katanga, wadda kuma aka maka da ƙarfi da a wani wuri ta fice waje a nan sai ta dawo cikin fili mai dukan ya tsaya a rabin hanya. Ƙarar da take yi in ta daki bangon, kwam, har inda muke zaune ana ji. A ƙasan katangar akwai allon sakamako da har yau da hannu ake canza shi, mutane ne a ciki suna zare lamba suna saka wata. Na fi kallonsu fiye da babban allon lantarki.

Wani dattijo kusa da ni ya ga hulata ya girgiza kai, daga nan hira ta ɓarke. Ya ce mahaifinsa ya rayu ya mutu bai ga Red Sox ta ɗau kofi ba, don bayan na 1918 suka sayar wa Yankees da shahararren ɗan wasansu Babe Ruth, ba su sake ɗauka ba sai 2004, shekara 86. Idonsa har ya kawo ruwa. Na ji shi har zuciya, duk da ihun da 'yan garinsu ke ta yi mana.

Abinci kam sai da lura, tsiran da ake soyawa a bakin filin yawanci alade ne, mu gyaɗa muka saya. Kujerun katakon da muka samu kuma ƙanana ne, ga wani ginshiƙin ƙarfe da ya tare mana ganin mai jifa sai mun leƙa. In za ka je dan Allah ka duba hoton kujerar a intanet kafin ka biya tikiti, kuma ka san lokacin bas ɗin ƙarshe na komawa New York, mu sai da muka haɗa da gudu.