Farautar elk da kwari da baka a makon farin wata

A watan Satumba na 2024 na kwana bakwai a tsaunukan Flat Tops da ke arewa maso yammacin jihar Kolorado ta Amurka, ina farautar elk da kwari da baka. Na tafi ne tare da mahaifin wani abokin aikina, dattijon da ya daɗe yana shiga wannan daji, wanda nake kira Baba. Elk dabba ce mai ƙaho mai rassa, girmanta ya kai na gwanki ko ya ɗara, domin bijimi yakan haura kilo 300, kuma babu jihar da ta kai Kolorado yawansu. Lokacin farauta da baka a jihar yakan fara ranar 2 ga Satumba ya ƙare ranar 30, wato yana zuwa daidai da lokacin barbararsu. Hutun da na samu a wurin aiki ya faɗo a makon da wata ya kwana goma sha huɗu, kuma duk mafaraucin da na gaya wa haka sai ya girgiza kai, ya ce farin wata yana kashe farauta.

Dalilin wannan magana ba ɓoyayye ba ne. Doka ta halatta harbi ne daga rabin sa'a kafin fitowar rana zuwa rabin sa'a bayan faɗuwarta, shi kuwa cikakken wata yana fitowa da faɗuwar rana, ba ya ɓuya sai gari ya waye. A tsakiyar Satumba kuma jinkirin fitowarsa daga dare zuwa dare bai cika wuce rabin sa'a ba a wannan yanki, saboda haka darare da yawa a jere suke kasancewa da haske tun daga magariba. Mafarauta suna ganin cewa a wannan haske elk suke kwana kiwo, su koma makwancinsu kafin lokacin harbi ya yi. Daren 17 ga Satumba, wanda a cikinsa wata ya yi ɗan husufi a gefe guda, na zauna a bakin tanti ina iya ganin kowane itace a ɗaya gefen kwarin. Bijimai suka kwana suna kuka. Kukan nasu yana farawa da kauri, ya haura ya zama siriri kamar busar sarewa, sannan ya ƙare da gurnani daga ƙirji, kuma a daren nan na ƙirga muryoyi huɗu mabambanta kafin barci ya ɗauke ni.

Da asuba muka isa filin ciyawar da kukan ya fito, muka tarar babu ko ɗaya. Kashinsu yana nan ɗanye, ciyawar da suka kwanta a kai ba ta miƙe ba, warinsu mai kama da na garke yana nan a iska, amma sun riga sun haye. Haka muka yi safiya uku. Kuskurena a kwanakin nan shi ne da ƙarfe goma nake matsa wa Baba mu koma sansani, don na ɗauka cewa tunda sun ƙoshi da dare, to ranar ta ƙare.

A rana ta uku da yamma Baba ya zaunar da ni ya ce, "Ɗana, dabbar da ta kwanta kafin alfijir ba za ta kai la'asar a kwance ba. Wata bai rage musu komai ba, lokaci kawai ya sauya musu." Ya bayyana mini cewa abin da ke tayar da barbara raguwar tsawon yini ne, shi ya sa take kaiwa ƙololuwa kowace shekara a daidai lokacin da dare da rana suke daidaita, wajen 22 ga Satumba, ko da farin wata ko babu. Macen kuma ba ta wuce kusan yini guda tana karɓar namiji, idan ya kuɓuce sai bayan kimanin mako uku, saboda haka bijimin da ke riƙe da garke ba shi da damar yin dogon barci. Ga shi dabba ce mai tuƙa, cikinta ba ya jure yunwar sa'o'i da yawa.

Washegari muka ɗauki ruwa da guzuri muka haura gangaren da ke fuskantar arewa, inda itatuwa suka yi duhu kuma sanyi yake daɗewa. A nan na fahimci cewa iska ce take mulkin wannan farauta. Da sassafe iska mai sanyi tana gangarowa ƙasa, idan rana ta ɗumama dutse sai ta juya tana haurawa, kuma tsakanin biyun akwai lokacin da take ta juyi ba ta da alƙibla. Da misalin sha biyu saura kwata wani bijimi ya yi kuka daga makwancinsa, a taƙaice, kamar mai duba ko matansa suna nan. Zumuɗi ya kama ni, na nufe shi daga ƙasa ba tare da na busa hodar gwada iska ba, kuma ban yi taku hamsin ba na ji garken ya watse yana karya rassa. Wannan asara ta yi mini ciwo ƙwarai, domin wata ba shi da hannu a cikinta ko kaɗan.

Akwai wani abin da ya gyara mini tunani. A dare na biyar hadari ya rufe sama, aka yi yayyafi, gari ya yi sanyi sosai, da safe kuma muka tarar da su a fili har bayan ƙarfe takwas. Mai neman ɗora komai a kan wata zai ce gajimare ne ya rufe haskensa. Ni dai a ganina sanyin ya fi tasiri, domin dabba mai wannan jiki da gashi zafi yake korar ta zuwa inuwa da wuri, kuma filayen da ke kusa da hanyar mota, inda mafarauta suka yi yawa, sun kasance wayam ko a safiyar nan. Idan zan jera abubuwan da suka juya mana mako, zafi da yawan mutane da iska duk za su zo gaban wata.

A rana ta shida muka zauna a saman wani taɓo da bijimai suke birgima a ciki su shafe jikinsu da laka da fitsari. Ruwan ya gurɓace, kuma lakar da ta fantsama a kan ganye ba ta bushe ba, alamar an shige ta kwanan nan. Mun zauna tun ƙarfe goma, iska tana haurowa tana bugun fuskokinmu. Wajen ƙarfe ɗaya Baba ya ja baya da kamar taku sittin, ya yi kukan mace sau biyu a hankali. Bijimi ya fito shiru, mai rassa biyar a kowane ƙaho, bakinsa a buɗe saboda ƙishi. Na jira har kansa ya shige bayan wani itace kafin na ja baka, na ƙara jira ya ba ni gefensa sosai a tazarar mita 25, sannan na yi bismillah na saki kibiya a bayan kafaɗarsa. Bai yi nisa ba ya faɗi.

Aikin da ya biyo baya ya fi harbin wahala, domin a zafin tsakar rana nama yana saurin lalacewa, kuma dokar jihar ta wajabta a fitar da cinyoyi da kafaɗu da naman gadon baya, ba a bar su a daji ba. Muka feɗe shi da sauri, muka zuba naman a buhunan yadi muka rataye a inuwa kusa da rafi. Sawu uku muka yi zuwa mota, kowane da kaya a baya, kuma na ƙarshen ya kai mu cikin dare. Wata ya fito a bayan tsauni, ya ɗan ragu daga gefe, amma haskensa ya ishe mu ganin hanya har muka kashe fitilun goshinmu, kuma a can ƙasan kwarin wani bijimin ya riga ya fara kuka.