Yadda Waya Ta Shigo Cikin Katunan da Nake Haɗawa

Na daɗe ina haɗa katin gaisuwa da hatimin roba da tawada kafin waya, wato siririn zaren ƙarfe, ta shigo cikin aikina, kuma malam-buɗe-littafi ne sanadin shigowarta. Ina da hatimi mai hotonsa. Nakan buga shi a kan takarda mai kauri, in bi gefensa da almakashi, in ɗan ɗaga fukafukan sama don su tashi daga jikin katin. Amma 'yan ƙahonnin nan biyu na kansa sirara ne ƙwarai, almakashi ba ya iya bin su, in ma ya bi sai su tsinke. Sai na daina wahalar da su. Na yanke su gaba ɗaya, na ninka guntun baƙar waya biyu, na nannaɗe bakin kowane ɓangare, na soke ta a bayan kan. Da haske ya faɗo ta gefe sai ga inuwar ƙahonnin a kwance a kan farar takarda. Tawada ba ta iya ba ka wannan komai kyanta, domin ita a shafe take.

Abu na farko da ya zama dole in fahimta shi ne kauri. Ana sayar da wayar ado da lamba, kuma lambar a juye take: in ta yi sama wayar ta ƙara siranta. A ma'aunin Amurka, wanda shi aka fi bugawa a jikin ƙunshin waya, lamba 18 ta ɗan haura milimita 1, lamba 20 kusan 0.8, lamba 22 wajen 0.64, lamba 24 rabin milimita, lamba 26 kuwa 0.4, sai 28 da ke wajen 0.32. Asalin juyewar daga yadda ake ƙera waya ne, ana jan ta ta cikin ramuka masu ƙara ƙanƙanta, wadda aka fi ja ita ce ta fi siranta. A aikin kati, tsakanin 22 da 26 nake zaune. Lamba 24 ce wadda hannuna ya fi kaiwa gare ta: tana lanƙwasuwa da yatsa, tana kuma riƙe siffar da aka ba ta. Lamba 22 ta rubutu ce da karan fure. Da 26 da 28 nake shirya ƙananan duwatsun ado, da su kuma nake ɗaure wata wayar. Lamba 18 da 20 suna da kyau a ido, amma sun fi ƙarfin takarda. Kati yakan rinjayu ta gefen da suke, ya ƙi tsayuwa a kan tebur.

Yawancin wayar ado mai launi jan ƙarfe ce aka lulluɓe da siririn fenti mai sheƙi. Akwai ta alminiyam, wadda ta fi taushi da rashin nauyi, har mai kaurinta ma yatsa yana juya ta. Wadda ba na kusantar da ita ga takarda ita ce ta baƙin ƙarfe marar rufi, domin in ta sha laima tana tsatsa, tsatsar kuma ta bar jan tabo da ba ya fita. Jan ƙarfe tsirara ba ya tsatsa irin wannan, sai dai yakan dushe ya yi duhu in an kwana biyu. Wani lokaci duhun nake so, musamman a katin da na buga da tawada ruwan ƙasa.

Wani hali na jan ƙarfe ya sauya mini yadda nake riƙe waya gaba ɗaya. Duk inda ka lanƙwasa ta, wurin yana ƙara tauri. In ka miƙe ta ka sake lanƙwasawa, ta ƙara tauri, ta bar ɗan ƙulu, in ka matsa mata kuma ta karye a daidai nan. Saboda haka gyara ba ya yi wa waya kyau. Lanƙwasar farko ita ce mai santsi. Yanzu kafin in taɓa waya nakan zana siffar da nake so da fensir a kan wata takardar daban, in ɗora wayar a kai in bi zanen a hankali, hannu ɗaya na danne inda aka gama, ɗayan na jan abin da ya rage. In wuri ya karkace ba na kokawa da shi, sabuwa nake yankowa. Kafin in fara kuma nakan ja wayar ta cikin tsumma mai laushi tsakanin yatsu biyu, don lanƙwasar da ta taso da ita daga ƙunshi ta kwanta.

Kayan aikin ba su da yawa: filaya mai zagayayyen baki ta yin zobe, filaya mai faffaɗan baki ta riƙewa, da filayar yanka. Bakin ƙarfe yana kankare fentin waya, shi ya sa nake naɗe bakin faffaɗar da salatef na takarda. Filayar yanka tana da gefe ɗaya shafaffe. Shi ake juyawa wajen ɓangaren da za a yi aiki da shi, sai bakin wayar ya fito a daidaice maimakon tsini. Nakan kuma sa yatsa a kan guntun da zai fita, domin yana tsalle, kuma ido yake nufa.

Siffar da na fi yi ita ce nannaɗe irin na katantanwa. Ka kama can ƙarshen wayar da tsinin zagayayyar filaya, kada ko kaɗan ya leƙo ta ɗaya gefen, ka murza wuyan hannu har ɗan zobe ya rufe. Daga nan ka ajiye wannan filayar. Ka kama zoben a kwance cikin faffaɗar, ka tura jelar wayar da babban yatsa ta kwanta a jikinsa, ka saki, ka ɗan juya zoben, ka sake kamawa, ka sake turawa. Kaɗan-kaɗan ake yi. Mai son gamawa da juyi ɗaya zai sami ƙwai maimakon da'ira. Wannan nannaɗen shi ne tsakiyar fure, shi ne hayaƙin da ke tashi daga hoton kofi, shi ne kuma jelar da ke ƙarasa karan ganye. In kuma igiyar balan-balan nake so, sai in naɗe waya a jikin tsinken sakace ko fensir, in zare ta, in ɗan ja ta ta buɗe, sannan in danne ta da rula ta kwanta gefe guda.

Inda aikin ya fi cin tunani shi ne maƙala wayar a jikin kati. Gam ɗin takarda na ruwa ba ya riƙe ta, kuma dalilin a fili yake. Takarda tana shan gam, ƙarfe ba ya sha. Waya kuma zagayayya ce, inda take taɓa takarda layi ne siriri da bai kai gashi ba. Za ka ga ta zauna yau, gobe ka taɓa ta ta ɓalle, ta bar sheƙin busasshen gam a inda take. In ka ƙara gam don ya riƙe, ya malalo gefe ya ɓata hoton da ka buga. Hanyar da na tsaya a kanta ita ce huda. Nakan ɗora takardar a kan soso mai tauri, in huda ƙananan ramuka biyu da allura a inda wayar za ta fara da inda za ta ƙare. Tun wajen yanka nakan bar rarar kamar santimita 2 a kowane baki. In zura rarar ta ramin, in kwantar da ita a baya, in danne da salatef mai ƙarfi. In siffar doguwa ce, kamar kara mai lanƙwasa, sai in ƙara ramuka bibbiyu a gefe da gefenta a wurare kaɗan, in ɗaure ta da waya lamba 28 mai launi ɗaya da ita, ko da zare. Daga ɗan nesa ɗaurin ba ya ganuwa.

Wannan ya tilasta mini sauya yadda nake gina katin kansa. Ba na huda ainihin katin da ke ninkewa, domin duk wanda ya buɗe zai ci karo da salatef da bakunan waya. A kan wani falle daban nake yin komai, mai ɗan ƙanƙanta da fuskar katin, takarda mai nauyin giram 250 zuwa 300 a murabba'in mita. In an gama sai in manna fallen a fuskar katin da 'yan gutsattsarin soso mai gam baki biyu. Tazarar da soson ya bari ita ke haɗiye kaurin wayar da ke baya, fallen ya zauna lafiya lau ba tudu. Inda huda ba ta yiwuwa, nakan ɓoye bakin wayar ƙarƙashin wani abu, ko yankakken fure ko maɓalli, in sa ɗigon gam mai danƙo a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa.

Rubuta suna da waya shi ne abin da mutane suka fi tambayata. Rubutun haɗe ake yi, wanda alƙalami ba ya tashi daga takarda. Nakan rubuta sunan da girman da nake so, in bi rubutun da zare don in san tsawon wayar da zan yanka, in ƙara kaɗan a kai. Haruffa irin su n da m suna bukatar waya ta hau ta sauko ta kan sawunta, nan ne faffaɗar filaya ke matse ninkin. Ɗigon i kuwa ƙaramin dutsen ado nake mannawa. Gajeren suna ya fi fita da kyau, dogo yakan yi ta lilo sai an ɗaure shi wurare da yawa.

Waya ita ce ta ƙarshe a jeri. Tawada mai kauri tana jinkirin bushewa, in ka ja waya a kanta sai ta shafe. In kuma ana amfani da garin nan da ake narkarwa da iska mai zafi don rubutu ya yi tudu, a gama shi tukuna, domin zafin yana iya lalata rufin wayar, ƙarfen kuma ya ɗauki zafi ya ƙona yatsa.

Game da yawa, ra'ayina a tsaye yake. Hoton hatimi shi ne mai gida. Waya ta zo ne ta ƙarasa layi ɗaya da hoton ya fara, ko ƙaho, ko kara, ko igiya. Na sha ganin katunan da aka cika kowace kusurwa da nannaɗe, har ka rasa inda za ka sa ido, hoton da aka sha wahalar bugawa ya nutse. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In ina shakka, nakan ɗora wayar a kan katin ba tare da na maƙala ba, in ja da baya in duba, in ɗauke ta in sake dubawa.

Sai batun aikawa. Wasiƙu suna bi ta cikin injina masu matse ambulan, duk abin da ya yi tudu kuma yana iya huda takarda ko ya baje. A Birtaniya iyakar kaurin wasiƙa ta yau da kullum milimita 5 ne, a Amurka rubu'in inci, kuma can ana ƙara kuɗi a kan ambulan mai tauri ko mai tudu da inji ba zai iya ɗauka ba. Don haka katin da zai yi tafiya nakan yi masa waya lamba 24 ko 26, in kwantar da duk nannaɗen, in tabbatar babu bakin da ke kallon sama ta hanyar shafa yatsa a kai. Sannan in ɗora fallen kwali siriri a fuskarsa kafin in zura shi a ambulan. Mai duwatsun ado ko mai waya lamba 22 ko wadda ta fi ta kauri kuwa, ko dai ya shiga ambulan mai soso a ciki, ko in miƙa shi hannu da hannu.