Mayaƙin da ya faɗi ba ya tashi: daɗi da wahalar Fire Emblem

Wasannin na'ura da matasanmu na yankin Gumel suka fi sani su ne ƙwallo da tseren mota da harbe-harbe, kuma dukkansu saurin yatsa suke buƙata. Wanda nake son yin magana a kansa ba ruwansa da sauri, domin mutum yana iya ajiye shi ya je ya ba dabbobi ruwa ya dawo, ya tarar babu abin da ya motsa sai ya motsa shi. Sunansa Fire Emblem, wanda kamfanin Intelligent Systems na ƙasar Japan ya ƙirƙira, Nintendo kuma ya fitar a shekarar 2003 domin na'urar hannu ta Game Boy Advance. Jerin wasannin ya faro tun 1990, amma wannan shi ne na farko da aka fassara aka fitar da shi wajen Japan, shi ya sa mutane da yawa ta kansa suka san jerin gaba ɗaya.

Ana buga shi ne a kan taswira da aka yanka gida-gida. Kai ne mai tsara dabarun yaƙi, kuma kana da mayaƙa kamar goma zuwa goma sha biyar a yawancin fagage. Za ka motsa kowannensu sau ɗaya, sannan abokan gaba su motsa nasu. Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya yana kallon dattawa suna dara zai gane yanayin nan take, domin a can ma ba a tambayar abin da za ka ci yanzu, ana tambayar abin da za a ci maka bayan ka ɗaga hannu. Mai takobi yana rinjayar mai gatari, mai gatari yana rinjayar mai mashi, mai mashi kuma yana rinjayar mai takobi. Maharbi ba ya iya kare kansa idan aka matso kusa da shi, amma kibiya ɗaya tana iya kayar da mayaƙiyar da ke kan doki mai fukafukai. Wanda ya tsaya cikin kurmi yana da wuyar samu, wanda ya tsaya a ganuwa kuma yana samun sauƙin rauninsa a kowane zagaye. Makamai ma suna ƙarewa: takobin ƙarfe na gama-gari sara 46 yake yi ya karye, saboda haka sai an riƙa lissafin kuɗi da kaya kamar yadda ake lissafin mutane.

Amma abin da ya riƙe ni a wasan, wanda kuma nake ganin shi ne ginshiƙinsa, shi ne mutuwa. Kowane mayaƙi yana da suna da fuska da tarihi da irin maganarsa, kuma da zarar an wuce babin koyo, wanda aka kashe ya tafi ke nan har ƙarshen labari. Ba a sayo wani a madadinsa, ba a tayar da shi da magani. Wannan doka guda ɗaya ita ce take sauya komai. Kafin ka kai hari, wasan yana nuna maka ƙaramin jadawali na yawan raunin da za ka yi, da yiwuwar samun sa'a cikin ɗari, da yiwuwar mummunan sara wanda ke ninka rauni sau uku. Sai ka ga mutum ya ƙura wa lambar nan ido, yana ƙidaya gidajen da mahayin abokan gaba zai iya tsallakowa, yana tunanin ko ya tura Florina, mayaƙiyarsa mai doki mai fukafukai, ta ceci ƙauyen da 'yan fashi suke nufa ko ya bar ƙauyen ya ƙone domin akwai maharbi a bayan dutse. Wani ƙanena da ke leƙowa ta kafaɗata ya taɓa cewa, "Yaya, ai ka daɗe ba ka danna komai ba, ko ta lalace ne?" Ba ta lalace ba, wannan shirun shi ne wasan.

Labarin ma yana da abin da zai ja hankalin mutumin ƙasarmu. Lyn, wadda ake fara wasan da ita, 'yar makiyayan filayen Sacae ce, 'yan fashi sun hallaka danginta, sai daga baya ta gano cewa kakanta na wajen uwa shi ne mai sarautar Caelin, kuma ƙaninsa Lundgren yana ba shi guba a hankali domin ya gaje kujerar. Rikicin gadon sarauta da raina mutumin daji da masu birni suke yi ba baƙon zance ba ne a kunnenmu. Daga nan labarin ya koma kan Eliwood da ke neman mahaifinsa da ya ɓace, tare da amininsa Hector, mai gatari da gajeren haƙuri. Ƙarshensa dai ya faɗa cikin abin da aka saba gani a irin waɗannan tatsuniyoyi, wato mugun matsafi mai suna Nergal da ke son buɗe ƙofar dodanni, kuma a ganina rabin farko ya fi rabin ƙarshe armashi nesa ba kusa ba. Akwai kuma sihiri da matsafa a ko'ina cikinsa, abin da wasu iyaye ba za su so ba. Ni dai ina ɗaukarsa tatsuniya ce, amma ban ga laifin uban da ya ce sai ya duba kafin ya miƙa wa ƙaramin yaro ba.

Ta fuskar rayuwar ƙauye, wasan yana da wata fa'ida da masu ƙirƙirarsa ba don mu suka yi ba. Ba ya buƙatar intanet ko data. Na'urar ta asali, wadda ta fito a 2001, batir biyu irin na ƙaramar rediyo take ci, kuma suna kai ta sa'o'i kamar goma sha biyar, saboda haka ba sai an kai ta shagon caji an jira layi ba. Bugu da ƙari, wasan yana adana kansa bayan kowane motsi, ta yadda idan aka kira salla ko aka aike ka, kashewa kawai za ka yi, ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsaya. Sai dai allon wannan na'ura ba shi da haske nasa, kuma ƙarami ne ƙwarai. Da rana a inuwar zaure komai yana fitowa tas, amma bayan magariba sai ka riƙe tocila da haƙori ko ka karkata jikin fitilar sola kana neman kusurwar da ba ta ƙyalli. Samfurin SP mai naɗewa da ya fito a 2003 ya magance wannan da haske da batir mai caji, amma ya mayar da mutum ga neman wuta.

Babbar wahalar wasan daga wurin daɗinsa take fitowa. Tunda ba ka son rasa kowa, kuma adanawar da wasan ke yi ba ta ba ka damar komawa baya taki ɗaya, abin da ya rage idan aka kashe maka mutum shi ne ka sake babin tun daga farko. Wasu babuka suna cin fiye da sa'a guda. Ka yi ta lallaɓawa har ka kai bakin ƙofar shugaban abokan gaba, sai wani ɗan fashi da jadawali ya nuna yiwuwar mummunan saransa ba ta wuce biyu cikin ɗari ba ya samu sa'a, aikin yamma guda ya rushe. Wasu suna cewa daidai ne mutum ya haƙura ya ci gaba da waɗanda suka rage, kuma na yarda cewa haka aka tsara shi, tunda wasan yana ta kawo sababbin mayaƙa har kusan ƙarshe. Amma kaɗan ne suke iya wannan haƙurin. Ga kuma fagagen hazo da duhu, inda ba ka ganin abokin gaba sai ya faɗo maka, waɗanda nake ganin sun saɓa wa alƙawarin wasan na cewa lissafinka ne zai cece ka.

Sa'a tana shiga ta wata ƙofar ma. Idan mayaƙi ya ƙara mataki, ƙarfinsa da saurinsa da tsaronsa suna ƙaruwa ne bisa ƙuri'a, don haka yaron da ka sha wahalar renonsa yana iya tashi rago. Sabon ɗan wasa kuma yakan dogara da Marcus, tsohon barde mai doki da ke share fage shi kaɗai a farkon labarin Eliwood, sai ƙananan mayaƙa su rasa abin da za su koya da shi. Masana wasan sun daɗe suna jayayya kan ko amfani da shi kuskure ne, kuma ni ina tare da masu cewa a yi amfani da shi, a dai riƙa bar wa yara ragowar.

Sai matsalar harshe. Wasan cike yake da hira, dukkanta da Japananci ko Turanci ko wasu harsunan Turai, kuma ba hirar ado ba ce kawai. A cikinta ake gane cewa wani daga cikin abokan gaba yana iya sauya sheƙa idan mutumin da ya dace ya yi masa magana, kamar yadda Matthew, ɗaya daga cikin mayaƙanka, yake jawo Guy. Wanda ba ya karantawa zai kashe shi ya wuce, bai san ya yi asara ba. Hirarrakin da ke ƙulla zumunci tsakanin mayaƙa kuwa sai an jera mutum biyu kusa da juna zagaye da yawa kafin su buɗe, abin da ke sa mutum ya riƙa ɓata lokaci a fagen da ya riga ya ci. Babin koyo na Lyn shi ma dole ne a bi shi a karon farko, yana riƙe maka hannu har inda ba ka buƙata.

Samun wasan a yau wani aiki ne. Nintendo ya saka shi cikin tsarin biyan kuɗi na na'urar Switch a 2023, amma wannan hanya ta yi wa aljihun yawancinmu nisa. Masu bugawa a waya ta manhajar da ke kwaikwayon na'urar Game Boy Advance suna samun damar adanawa a kowane lokaci su koma baya idan abu ya ɓaci, wanda ke rage takaici, amma yana cire nauyin da ke sa mutum ya yi dogon tunani kafin ya motsa. Kaset ɗin gwanjo kuma da yawansu jabu ne, kuma irin waɗannan sukan goge abin da aka adana ba tare da gargaɗi ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a wasan da sai ka kammala labarin Eliwood kafin a buɗe maka na Hector, mai ƙarin babuka da tsanani. Duk mai niyyar saye, ya sa mai kaya ya kunna, a adana, a kashe, a cire kaset a mayar, a ga ko abin yana nan kafin ya miƙa kuɗinsa.