Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da na kashe Alhaji a rediyo

Makon jiya na tsaya a inda kawuna ya kama hannuna ya haura da ni benen gidan rediyon a nan Kumasi, ya ce wa manaja, "Ga ɗan ƙanwata. Ya gama sakandare, ba abin da ya iya sai surutu a bakin masallaci. In surutu kuke saye, ga haja na kawo muku." Manaja bai yi dariya ba. Ya zaro wata takarda daga ƙarƙashin kofin shayinsa ya ce in karanta da ƙarfi. Sanarwar suna ce, rabi da ajami rabi da boko, kuma Allah ya taimake ni makarantar allo ba ta tafi a banza ba. Da na kai ƙarshe ya ce, "Gobe bayan asuba." Iyakar jarrabawar ke nan.

Shekarar 2007 ce, ba zan manta ba, domin a watan Yuli na shekarar aka canja kuɗin Ghana, aka yanke wa sidi sifili huɗu, dubu goma ta koma sidi 1. Aikina na farko zama a bakin ƙofa da littafi, ina karɓar takardun sanarwa da kuɗinsu. Tsofaffi kuwa ba su yarda da sabon lissafi ba. Wata Hajiya mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a unguwar Asawase ta biya kuɗin sanarwar auren jikarta, dubu ashirin a bakinta, ta leƙo ta ga na rubuta 2. Ta ce, "Kai yaro, tun yanzu? Ina sauran?" Sai da manaja ya fito ya rantse mata kafin ta sauka.

Baba bai so wannan aiki ba ko kaɗan, kuma ba don ba ya jin rediyo ba. Yana da tasa mai gajeren zango, baƙa, an ɗaure murfin batirinta da roba. Da ita yake kama BBC da Muryar Jamus, dare ya yi ya lalubo Kaduna cikin ƙara da shuu, ya kara ta a kunne. Rediyon gwamnati, wadda Turawa suka kafa tun 1935, tana da Hausa cikin harsunanta, amma ɗan labarai ne a karanta a wuce, kuma daga Akra, wadda mu nan muke ce wa Ankara. Ba ta san unguwanninmu irin su Aboabo ba, ba ta san wa ya haihu a Akwatia Line ba. Abin da Baba ya riƙe game da ita ɗaya ne. A watan Nuwamba na 1969 yana saurayi, a bakin shagon wani tela suka ji gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ya ce kafin wata ya ƙare rabin layinsu ya zama kango, mutane sun sayar da gadaje da kekunan ɗinki a wulaƙance sun hau manyan motoci. Tun daga nan yake cewa rediyo baki ce marar fuska, tana faɗa ba ta tsayawa ta ga abin da maganarta ta yi.

Ni kuwa ɗan wani zamani ne. Tsarin mulkin 1992 ya buɗe ƙofa, a 1994 wata tasha mai suna Radio Eye ta fara watsa shiri a Ankara ba lasisi hukuma ta rufe ta, a 1995 Joy FM ta fito da izini, daga nan tashoshi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina. A Kumasi yawancinsu Tonanci suke yi, wato harshen Ashanti, mu mutanen Zango a ba mu awa ɗaya a mako, galibi a lokacin da kowa ya yi barci. To ranar da muka sami tashar da za ka murɗa da rana tsaka ka ji "Assalamu alaikum jama'ar Zango", sai ka ga mai shayi da tela da direban trotro, motar haya, duk sun bar ta a wuri ɗaya, kamar an manne allurar. Hausarmu ce kuma, ta Zango, wadda 'yan'uwanmu na Kano ke yi wa dariya wai ba mu raba mace da namiji, muna cewa "mata na ya zo". Su yi ta dariya. Da ita muke cigiyar yaron da ya ɓace a kasuwar Kejetia a same shi kafin la'asar, da ita ake kiran maniyyata, da ita ake roƙon jini in mace ta kwanta haihuwa a asibiti.

Amma sanarwar rasuwa ita ce uwa. Maƙwabtanmu Tonawa in an yi musu mutuwa sai su kai gawa firiji, dangi su zauna, a sa ranar Asabar wata ɗaya ko uku gaba, a buga hoton mamaci a manna a bango. Suna da lokaci. Mu ba mu da shi. Wanda ya cika da daddare, kafin azahar yana maƙabartar Tafo an rufe shi. Da can yara ake tarawa a raba musu unguwanni, wannan Sawaba, wannan Yalwa, wannan Moshie Zango, ko ladan ya faɗa a lasifikar masallaci, iyakar inda murya ta kai. Wanda bai ji ba sai ya zo ta'aziyya yana ba da haƙuri, wani lokaci a ƙi karɓa. Rediyo ta ɗauke wannan nauyi gaba ɗaya. Shi ya sa da an ji mun sa karatun Alƙur'ani a hankali a tsakiyar shiri, kasuwa kan yi tsit, kowa ya kasa kunne ya ji wa aka rasa.

Wata na huɗu ina bakin ƙofa, ranar wata Talata mai karanta sanarwar safe bai zo ba, zazzaɓi ya kwantar da shi. Manaja ya ce in shiga. Ɗakin ɗan ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, ba taga, fankar ma a kashe domin makirufo na ɗaukar ƙararta. Na zauna gumi na bin bayana. Ina cikin karanta ta ɗaurin aure sai aka turo ƙofa aka ajiye mini wata takarda, yage daga littafin makaranta, rubutun gaggawa da jan biro. Sunan wani Alhaji, sai "mai goro, Aboabo", sai "jana'iza ƙarfe 11". Wanda ya kawo ta ya biya ya ruga sayen likkafani.

Na san sunan. Wa bai san shi ba? Abokin cinikin Baba ne, tare suke ɗaure huhun goro a tura Legas, ya sha ba ni kuɗin koko ina yaro. Gabana ya faɗi. Maimakon in karanta abin da ke takarda in yi shiru, sai na ƙara da nawa. Na ce Alhaji wane mai goro na Aboabo Namba 1, mai gidan bene kusa da masallaci, na ambaci sunan babban ɗansa, har muryata na rawa. Na ɗauka gwaninta na yi.

Aboabo biyu ce, Namba 1 da Namba 2. Kuma a Namba 2 akwai wani dattijo mai wannan suna, shi ma ya je Makka, shi ma goro yake sayarwa, sai dai nasa a faranti ne a bakin titi. Shi ne ya rasu.

Ba a yi minti goma ba wayar tasha ta fara kuka. Manaja ya ɗauka, na hango shi ta gilashi fuskarsa ta canja, ya ɗaga mini hannu in sa karatu in fito. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi, "Wa ya ce maka Namba 1?" Na duba takarda, na juya bayanta, babu. Muka koma muka gyara, sau uku ina maimaitawa, amma magana zarar bunu ce. Masu shaguna sun riga sun ja ƙofa, mata sun yafa mayafi, wata 'yar Alhajin da ke aure a Tafo an ce a bakin famfo ta faɗi.

Da yamma Baba da kawu suka tasa ni gaba zuwa gidan. Baba bai ce mini uffan ba duk hanya. Muka tarar da Alhaji a zaure kan buzunsa, da ransa da lafiyarsa, ga tabarmin da aka shimfiɗa wa masu makoki ba a naɗe ba tukuna. Na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, na yi kuskure, a gafarce ni." Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Kai ne mala'ikan?" Mutane suka fashe da dariya, ni hawaye. Ya ce yana cikin karyawa ya ji mutuwarsa, ya ajiye cokali ya ce wa uwargida to ga shi an faɗa a rediyo, sai a yi haƙuri. Ya ce ya ga abin da ba kowa Allah ke nuna wa ba, ya ga waɗanda za su zo. Wani da yake bi kuɗin huhu uku tun bara shi ya fi kowa kuka a ƙofar gida, da ya ɗago ya gan shi tsaye sai kukan ya tsaya cak. "Na yafe maka nawa," in ji shi. "Amma ba ni ka yi wa laifi ba. Tashi ka je Namba 2."

Can ne ban iya ba da labarinsa da dariya. Gida ne na haya, ɗaki ɗaki, an kafa 'yar rumfa a tsakar gida. Ɗan mamacin, wanda ya kawo takardar, sa'ana ne ko ya girme ni kaɗan. Ya ce jama'a sun tafi gidan mai bene, kafin gyara ya kai kunnensu su juyo an riga an sallaci mahaifinsa da sahu biyu, ƙannen marigayin da ke Sawaba a maƙabarta suka cim musu ana zuba ƙasa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kuɗin da na biya ku, na rance ne. Don a zo wa tsohona na biya." Kawu ya zaro kuɗin zai mayar masa, ya ƙi karɓa. Sanarwar sadakar uku da ta bakwai ni na karanta su, sau biyar biyar, manaja bai karɓi ko pesewa ba, kuma ranar bakwai layin ya cika har titi. Ko hakan ya biya, ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarsa ba, ga shi har yau muna haɗuwa a masallacin Juma'a muna gaisawa.

Daga ranar manaja ya kafa doka ya manna a ƙofa. Ba a karɓar sanarwar rasuwa sai da sunan mahaifin mamaci, da unguwa da lambarta, da masallacin da za a yi salla, da wayar limamin, a kira shi a ji daga bakinsa. Mai karatu kuma ba ya ƙara ko wasali. Na ɗauka korata za a yi. Sai ya ce wanda ya taɓa ƙonewa shi ya san wuta, ya bar mini sanarwar safe dungurungum. Yara a layinmu suka sa mini Azara'ilu, sunan ya bi ni shekaru.

Washegari ina ɗaura takalmi zan fita, na ji Baba ya kira ƙanena daga ɗaki. Na leƙa. Baƙar rediyon tana kan cinyarsa, ya sa tabarau yana laluben gefenta.

"Zo nuna mini inda ake kama FM ɗin nan," ya ce. "Tunda yayanka ya fara kashe mutane, gara in riƙa ji da kunnena kafin a zo mini ƙofar gida."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai labarin daren ganin wata, da yadda malamai biyu suka kusa raba mana makirufo gida biyu.