Abin da na koya daga warware wani fim ɗin barkwanci na Suwidin

A rukuninmu na masu koyon rubutun fim, wanda ke haɗuwa a ƙarshen mako a Kano, al'ada ce kowa ya kawo fim ɗaya ya warware shi a gaban sauran, ya nuna yadda aka gina shi. Da layi ya zo kaina sai na zaɓi En man som heter Ove (wato "Wani mutum mai suna Ove"), fim ɗin harshen Suwidin da Hannes Holm ya ba da umarni, wanda ya fito a Disamba 2015, aka kuma ciro shi daga littafin Fredrik Backman na 2012. Ya shiga takarar Oscar a rukuni biyu a 2017, daga baya Amurkawa suka sake shirya shi da Tom Hanks a 2022, amma ni na asalin na nema, domin ina so in ga yadda masu labarin suka faɗe shi da bakinsu.

Hanyar da na bi ita ce na fara kallonsa gaba ɗaya, kusan awa biyu, ina karanta fassarar da ke ƙasan allo, sannan na koma ina tsayar da shi fitowa bayan fitowa, ina rubuta abu biyu a littafina: inda na yi dariya, da abin da marubucin ya riga ya shuka kafin dariyar ta zo. Shafin na biyu ne ya fi cika.

Ove, wanda Rolf Lassgård ya fito a matsayinsa, dattijo ne ɗan shekara 59, matarsa Sonja ta rasu, an kuma sallame shi daga aikin da ya shekara 43 yana yi. Kullum da sassafe yana zagaya unguwa yana duba ƙofofi da wurin zuba shara, yana tsawata wa duk wanda ya shigo da mota inda aka hana. Ya yanke shawarar kashe kansa don ya tarar da matarsa, sai dai duk lokacin da ya shirya, maƙwabta su katse shi. Na farko su ne sababbin zuwa, Parvaneh 'yar asalin Iran mai tsohon ciki da mijinta Patrik, wanda ya kasa yin baya da mota mai jan tirela har ya buge akwatin wasiƙun Ove. Mutumin da ya gama da duniya ya kasa jure ganin ana tuƙi ba daidai ba, sai ya fito ya karɓi sitiyari.

A nan na ga abin da ya fi komai amfani gare ni. Babu ɗan barkwanci a fim ɗin. A yawancin finafinanmu, idan ana son dariya sai a ɗauko wani daban, a sa masa tufafi na ban dariya, ya yi surutunsa ya fita, labari ya ci gaba ba tare da shi ba. Ove kuwa bai taɓa nufin ba kowa dariya ba. Fuskarsa a murtuke take daga farko har ƙarshe, kuma halin da ke sa mu dariya, wato taurin kansa a kan ƙa'ida, shi ne dai halin da yake ƙaunar mutane da shi. Mutumin da ke masifa a kan coge na tallan furanni a kanti, furannin kabarin matarsa yake saye. Wanda ke kiran kowa wawa shi ne ya ɗauki katako da guduma cikin dare ya yi wa keken guragu hanyar hawa a wata makaranta, don Sonja ta sami aikin koyarwa bayan haɗarin motar safa da suka yi a Sifen, wanda ya nakasa ta ya kuma zubar da cikinta. Da na jera waɗannan fitowa-fitowa a takarda, sai na ga cewa marubucin yana nuna mana halin a matsayin abin dariya tukuna, daga baya ya waiwaya da mu baya ya nuna mana tushensa, har mai kallo ya ɗan ji kunyar dariyar da ya yi ɗazu.

Zumuncin Ove da maƙwabcinsa Rune an gina shi haka nan. Ove ba ya hawa kowace mota sai Saab, Rune kuma Volvo yake saye, kuma wannan bambanci, tare da rikicin shugabancin ƙungiyar mazauna unguwa, ya isa ya raba aminai tsawon shekaru. Da Rune ya sayi BMW kuwa sai magana ta ƙare. Dole na tsaya na yi wa abokan karatuna bayani cewa Saab da Volvo duka motocin Suwidin ne, cewa kamfanin motocin Saab ya durƙushe a 2011, kuma a garinsa Trollhättan aka ɗauki fim ɗin. Ba tare da wannan bayani ba rabin dariyar zai wuce su. Amma da hukuma ta zo ɗauke Rune, wanda shanyewar jiki ta kwantar, zuwa gidan kula da tsofaffi ba da son matarsa Anita ba, ba wanda ya buƙaci bayani kafin ya gane me ya sa tsohon abokin gabar ya tashi tsaye. Daga nan na ɗauki wata ƙa'ida ga rubutuna: abin dariya yana iya zama na gari ɗaya, muddin abin da ke ƙarƙashinsa kowa ya san shi.

Parvaneh, wadda Bahar Pars ta fito a matsayinta, ita ce ta fi burge 'yan rukuninmu, wataƙila domin yadda take aika wa maƙwabci abinci ba tare da an roƙe ta ba, ta kuma bar masa 'ya'yanta ya kula da su ba tare da ta jira amincewarsa ba, bai zama baƙon abu a wurinmu ba. Ba ta lallashin Ove, ba ta yi masa wa'azi. Aiki take ɗora masa, ya koya mata tuƙi, ya kai ta asibiti, shi kuma mutum ne da ba ya iya barin aiki a rabi.

Akwai abin da ban yarda da shi duka ba. Jami'an hukuma, waɗanda Ove ke yi wa laƙabi da fararen rigunansu, an zana su miyagu zalla, alhali in ban da su kowa a fim ɗin an ba shi fuska biyu. Haka kuma batun kisan kai yana da nauyi a wurinmu ta fuskar addini da ta zuciya, saboda haka kafin mu kunna na sanar da kowa abin da zai gani, kuma na ga amfanin hakan, domin muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga kaɗaicin tsofaffi bayan mutuwar abokin zama.

Da na koma kan wasan da nake rubutawa, na cire ɗan aiken da na sa don ban dariya kawai, na mayar da dariyar kan uban gidan, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai kulle fitilun gida da ƙarfe tara. Yanzu aikin da ya rage mini shi ne in rubuta fitowar da za ta nuna dalilin da ya sa yake yin haka, in kuma san a wane minti zan ajiye ta.