Ranar da Muka Buga Sawun Gwangwani a Yashi

Talata, bayan isha'i.

Yau darasin siffofi muka yi da 'yan aji ɗaya, kuma tun jiya na roƙi kowane yaro ya zo da wani abu daga gida: gwangwanin madara ko na tumatir da aka wanke, kwalin ashana, dunƙulen Maggi, lemon zaƙi ko mazurari. Ban kusanci allo ba sai can ƙarshe, domin na daɗe da lura cewa yaron da aka fara zana wa da'ira da murabba'i da alli sunayen kawai yake haddacewa, idan aka miƙa masa abu a hannu sai ya rasa abin da zai kira shi.

Da mirginawa muka fara. Lemo ya gangara ta kowane ɓangare, kwalin ashana ya ƙi motsi, shi kuwa gwangwani ya jawo gardama, saboda yana mirginawa idan an kwantar da shi, yana kuma tsayawa cak idan an ɗora shi a kan gindinsa. Daga nan muka ƙirga fuskokin dunƙulen Maggi, muna ɗiga tawada a kan wadda aka riga aka ƙirga don kada a maimaita, har kowa ya tabbatar da fuska 6 da kusurwa 8. Gefuna 12 sun yi musu wuya, na bar su sai wani lokaci.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne aikin yashi. Na jiƙa yashi a manyan faranti, kowane yaro ya danna abinsa ya ɗaga. Gindin gwangwani ya bar da'ira, bakin mazurari ma haka, Maggi ya bar murabba'i, kwalin ashana kuma ya ba da murabba'i mai tsawo iri uku, gwargwadon fuskar da aka danna. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, nawa lemon rami ya yi." Na sa ta shafa lemon ta nemo inda yake shimfiɗe, ta juya shi sau da dama ba ta samu ba, kuma da bakinta ta faɗa wa sauran dalilin. Wannan fahimtar ce nake nema, wato siffar da ake zanawa a takarda fuska ɗaya ce daga jikin abin da ake iya riƙewa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna Kindergarten a 1840, yakan ba yara ƙwallo da dunƙule mai fuska shida da mulmulallen katako mai siffar gwangwani su yi wasa da su. Mu namu kayan suna kicin da shagon unguwa.

Alwatika ce ba mu samu a cikin kayanmu ba, don haka muka haɗa ta da tsinken tsintsiya uku da laka a kusurwoyi. Gobe, in Allah Ya kai mu, za mu warware kwalin sabulu mu shimfiɗa shi, su ƙirga siffofin da ke ciki kafin su sake naɗe shi.